Yadda Linux Mint ya zauna a shagona duk da ɗauke wuta da tsadar data

Sana'ata buga takardu ce: wasiƙun neman aiki, furojet ɗin ɗalibai, takardun jarrabawar makarantun Islamiyya, wani lokaci kuma rubutun Hausa da ake son a tsara kafin a kai maɗaba'a. Kwamfutocin shagon duk na hannu ne, na tebur guda biyu da ta cinya ɗaya. Da aka tabbatar cewa Microsoft zai daina sabunta Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, na duba sharuɗɗan Windows 11, sai na ga babu wadda ta cika su a cikin ukun. Ana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da kuma furosesa sabuwa, a ɓangaren Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Nawa kuwa sun girmi haka, alhali lafiyarsu ƙalau, ba su taɓa ƙin aiki ba. Ban ga dalilin jefar da su ba, kuɗin sayen wasu ma babu. Shi ya sa na koma Linux.

Wanda bai saba ba zai ruɗe tun a wurin zaɓi, domin Linux ba abu ɗaya ba ne. Zuciyar manhajar, wadda ake kira kenel, Linus Torvalds ne ya fara rubuta ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. A kanta ne ƙungiyoyi daban-daban suke haɗa tasu cikakkiyar babbar manhajar. Debian ta fara a 1993. Ubuntu ta fito a 2004, an gina ta a kan Debian, kuma Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ne ya kafa kamfanin Canonical da ke kula da ita. Linux Mint kuma tun 2006 yake, a kan Ubuntu. Na ɗauki Mint 22 mai fuskar Xfce. Fuskar ba ta cin ƙwaƙwalwar kwamfuta sosai, ga shi kuma za a ci gaba da sabunta wannan zubin har 2029. Ni mutum ne mai kwastomomi a tsaye a kaina, ba na neman abin da ya fi kowanne sabunta. Ina neman wanda zan kunna gobe in same shi yadda na bar shi.

Ɗorawar kanta ba ta da wani labari. Na sauke fayil ɗin, kusan gigabayit 3, na gwada lambar SHA256 ɗinsa da wadda aka wallafa don in tabbatar bai yanke a hanya ba, sannan na zuba shi a filash. Abin da ya fi amfani shi ne kwamfuta tana iya tashi daga filash ɗin ba tare da an taɓa faifan ajiyarta ba, sai mutum ya gwada sauti, allo, firinta da Wi-Fi kafin ya yanke shawara. A ta cinyar, Wi-Fi bai nuna ba sam, katinta yana buƙatar direba, wato 'yar manhajar da ke sarrafa shi, wanda ba ya cikin filash ɗin. Na jona wayata da igiyar caji, na kunna raba intanet ta USB, na buɗe Driver Manager, ya nemo direban da kansa. Wurin raba faifai kuma na ware wa /home nasa ɓangaren daban. Duk takardun mutane a can suke zama, don haka ko wata rana ta kama a sake ɗora manhajar daga tushe, ba sai an taɓa su ba. Na kuma canza tsohon faifan ta cinyar da SSD, kuma gaskiya rabin saurin da mutane suke yabawa daga nan ya zo, ba daga Linux ba.

A kwamfuta ɗaya na bar Windows a gefe, ana zaɓar wanda za a shiga lokacin kunnawa. Nan wani ƙaramin abu ya riƙa ɗaure wa yaron shagona kai: duk sanda aka fito daga Linux aka shiga Windows, sai agogo ya koma baya da awa ɗaya cif. Dalilin shi ne Linux yana ajiye agogon cikin na'ura a kan lokacin duniya na UTC, Windows kuma yana ɗaukar abin da ya tarar a matsayin lokacin gari. Nijeriya da Nijar suna gaban UTC da awa ɗaya, ga tazarar nan. Wanda ke Ghana ba zai ma san da matsalar ba, tunda agogonsu daidai yake da UTC. Layi ɗaya a taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya kashe maganar:

`timedatectl set-local-rtc 1`

Zai yi gargaɗi cewa wannan tsarin yana kawo ruɗani a ƙasashen da ake matsar da agogo da bazara. Mu ba ma yi.

Inda na fi daɗewa shi ne haruffan Hausa masu lanƙwasa. Ba na iya miƙa wa malami takardar jarrabawa da aka rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya. A cikin jerin tsare-tsaren kibod na Linux akwai Hausa ta Nijeriya, akwai ta Ghana, tun asali suke ciki, ba sai an sauke komai ba. Na gwada, suna aiki, amma suna matsar da wasu maɓallan daga inda yatsuna suka saba, ni kuma rabin aikina Turanci ne. Akwai hanya ta biyu: a danne Ctrl da Shift da U tare, a rubuta lambar harafin, a buga Enter. Ɓ ƙarami 0253 ne, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ kuma 01B4. Wannan ya yi wa mai son harafi ɗaya a wata, amma ba mai buga shafi hamsin ba.

Abin da na zauna a kai shi ne maɓallin haɗa haruffa. A saitin kibod na mayar da Alt na dama ya zama shi, sannan na ƙirƙiri fayil mai suna .XCompose a cikin foldata da ke /home, na rubuta layuka irin waɗannan:

`include "%L"`
`<Multi_key> <k> <k> : "ƙ"`
`<Multi_key> <d> <d> : "ɗ"`
`<Multi_key> <b> <b> : "ɓ"`

Na ƙara na manyan haruffa, da na ƴ saboda masu kawo rubutu da ƙa'idar Nijar, tunda mu a nan 'y muke rubutawa. Bayan na fita na sake shiga, sai ya zama in taɓa Alt in buga k sau biyu, ƙ ta fito. Cikin ɗan lokaci yatsu suka haddace. Sai dai shigar da harafin rabin aiki ne. Ba kowane salon rubutu ne yake da ƙ da ɗ ba, kuma idan babu, manhaja takan aro harafin daga wani salon, sai ka ga ƙ ta yi tsaye daban a tsakiyar kalma, ta fi 'yan uwanta kauri ko tsawo. A allo da ƙyar ake lura, a takarda kuwa tsirara take fitowa. DejaVu da Noto suna da su cikakku. Charis da Andika na ƙungiyar SIL su ma haka, kuma da Andika nake buga wa 'yan firamare, don an tsara shi ne saboda masu koyon karatu.

To, sai batun wuta, wanda shi ne ainihin jarrabawar. Masu rubuta bayanan Linux suna ɗauka cewa wanda ya fara sabunta manhaja zai gama. A nan ba lallai ba. Ranar da aka ɗauke wuta ɗaya daga cikin na teburin tana tsakiyar sabuntawa, da aka dawo da ita sai ta ƙi karɓar komai, duk abin da na nemi ɗorawa sai ta ce dpkg, wato mai ɗora manhajoji a tsarin, ya katse. Abin kamar tela ne da ya farke riga zai gyara, aka kira shi kafin ya mayar da ɗinkin: yadin yana nan, zaren yana nan, ci gaba kawai ake jira. Umarni biyu ne suke ci gaban:

`sudo dpkg --configure -a`
`sudo apt --fix-broken install`

Wata rana kuma, bayan irin wannan ɗaukewar, ta tashi ta tsaya a baƙin allo da kalmar initramfs. Yaron ya leƙo ya ce, "Oga, ta mutu ko?" Na ce masa ya karanta abin da ta rubuta tukuna. A saman allon ta faɗi ɓangaren faifan da ya hargitse, ta kuma ce a yi masa fsck, wato umarnin duba faifai da gyara shi, da hannu. Muka buga `fsck -y /dev/sda2`, ta yi 'yan gyare-gyarenta, muka sake kunnawa, shi ke nan. Tsarin ajiya na ext4 da Mint yake amfani da shi yana riƙe da kundin abin da yake shirin rubutawa, shi ya sa yawancin ɗaukewar wuta ba ta barin tabo, kuma wadda ta bari ma sau da yawa irin wannan ce. Tun daga lokacin doka ta zama ɗaya a shagon: ba a sabunta na tebur sai janareta na aiki ko inbata ta cika, ta cinya kuma sai batirinta ya haura rabi. Mint ba ya sabunta kansa sai an ba shi izini, ni kuma ban ba shi ba. Ranar Juma'a da yamma, kasuwa ta lafa, nake zama in yi.

Kafin in danna komai a ranar, Timeshift nake fara buɗewa. Yana ɗaukar hoton manhajar yadda take, idan sabuntawa ta zo da tangarɗa a mayar da ita jiya. Hoton farko ne mai girma, na baya abin da ya canza kawai suke ƙarawa. Ko kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya, ana iya tayar da ita daga filash ɗin nan na farko a dawo da hoton, don haka filash ɗin yana cikin aljihun tebur, ba a ara wa kowa. Abu biyu ne mutane ba su cika sani ba. Timeshift ba ya ajiye takardunka, manhaja kawai yake karewa, saboda haka furojet ɗin ɗalibai daban nake kwafe su zuwa faifan waje. Kuma ba ya rubutu a faifan da aka tsara da NTFS ko FAT irin na Windows, sai irin na Linux. Idan kuma sabon kenel ne ya hana wani abu aiki, ba sai an kai ga Timeshift ba: a jerin zaɓin da GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, yake nunawa lokacin kunnawa, tsohon yana nan, a zaɓe shi.

Data ita ma sai da na yi mata dabara. Sabuntawa ɗaya, idan ta haɗa da kenel da direbobin na'urori, takan kai ɗaruruwan megabayit, ga kwamfuta uku kowacce tana son sauke abu iri ɗaya. Na ɗora apt-cacher-ng a ɗaya daga cikin na teburin, na nuna wa sauran biyun adireshinta da ƙofa ta 3142. Yanzu wadda ta fara sauke abu, an ajiye shi ke nan, sauran daga cikin shago suke ɗauka. Ina kuma lura da Flatpak. A ma'ajiyar manhajojin Mint sau da yawa abu ɗaya yana zuwa iri biyu, na tsarin kansa da na Flatpak. Na biyun yakan fi sabunta, amma karon farko sai ya janyo wani babban tushe da yake dogara a kai, ƙaramar manhaja ta cinye maka abin da ba ka yi zato ba. In ba dole ba, na farkon nake ɗauka.

Ba na kuma kwafo umarni daga intanet in liƙa da sudo, kalmar da ke ba umarni cikakken iko a kan kwamfuta, ban fahimce shi ba, ba na ƙara ma'ajiyar wani mutum can don kawai in sami sabon zubin wata manhaja. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano an dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse, a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowane Linux yake ɗauke da ita. Gurɓataccen zubin ya kai ga rassan gwaji da masu bin sabon abu da zafinsa, amma bai shiga tsayayyun zubi na Debian da Ubuntu ba. Jinkirin da wasu suke yi wa dariya shi ya tsare masu irin tsarina.

Akwai inda Linux bai biya mini buƙata ba, kuma ba zan ɓoye ba. LibreOffice yana buɗe takardun Word, amma idan an rubuta su da Calibri ko Cambria, shafuka sukan zame, taken babi ya faɗo ƙasan shafi. Carlito da Caladea an yi su da faɗin haruffa daidai da waɗancan biyun, ɗora su ya rage matsalar ƙwarai, kuma duk abin da zai fita daga shagon a PDF nake ba da shi. Masu katin biki da kalanda kuwa da fayil ɗin CorelDRAW suke zuwa. Inkscape yana buɗe wasu, amma ba yadda zan karɓi kuɗin mutum a kai ba. Saboda su ne Windows ɗin nan yake zaune a gefen kwamfuta ɗaya, kuma na cire masa intanet, tunda an daina sabunta shi.

Sauran kulawar ƙanana ce. Lokaci zuwa lokaci `sudo apt autoremove` don share tsofaffin kenel da suka taru, da `sudo journalctl --vacuum-size=200M` idan kundin bayanan tsarin ya kumbura. Da hunturu kuma ina buɗe na teburin in hure ƙurar da ta toshe fanka, domin kwamfutar da ke kashe kanta da rana tsaka sau da yawa zafi ne ya dame ta, ba manhaja ba. Akwai wani littafi a shagon da nake rubuta duk abin da na canza da ranar da na canza shi, har da layukan .XCompose. Yaron ya riga ya ɗora wa wani ƙanensa Mint daga cikin littafin nan, bai kira ni ba sai da ya zo kan firinta.