Kalangun da na koya a iyafis

Wani abokina da ke koyon fiyano ya ce min wai malaminsu ya hana su sauraron kiɗa a waya kafin su karanta shi a takarda, don kada su zama aku. Na yi dariya, na ce to mu 'yan kalangu wace takardar ce da mu? Ai mu kunne ne allon, kunne ne tawadar.

Amma fa daga baya maganar ta tsaya min a rai, saboda abin da ya same ni bara.

Ni dai gidanmu gidan kiɗa ne ta wajen uwa, kawuna ne ya fara ɗora min kalangu a hammata, ya nuna min yadda ake matse tsarkiya murya ta hau, a sassauta ta sauko. Sai dai kawu ba ya zama, yau biki gobe suna, sai na koma wa waya. Na cika memori da waƙoƙin Shata, iyafis a kunne dare da rana, har rage gudun waƙar nake a YouTube don in kama inda gula ke sauka. Wata uku na haddace kiɗa guda tsaf, har da wani wuri da makaɗin ya ɗan yi tuntuɓe, ni a zatona salo ne wallahi. Kuma ashe daga tsohon kaset aka kwafo ta, gudunta ya ɗan wuce yadda aka buga, ni kuwa haka na ɗauke shi.

Ranar da kawu ya tafi da ni wani biki, mawaƙin ya ɗauko irin wannan kiɗan, na ce yau za a san na iya. Muna cikin tafiya sai wani alhaji ya shigo fili yana liƙi, mawaƙi ya saki baitin da yake kai ya koma yi masa kirari, 'yan amshi suka bi shi, kawu ya bi shi, ni kuwa ina can na wuce gaba inda kaset ɗina ya nufa. Ni kaɗai. Kallon da kawu ya yi min har yau ban manta ba.

A hanyar gida ya ce, "Ɗan nan, kai kaset kake wa kiɗa. Bakin mawaƙi ake kallo."

Kuma gaskiyarsa. Shi kansa Shata, Allah ya jiƙansa, duk wanda ya saurari Bakandamiya a ɗauka biyu ya san ba iri ɗaya ba ce, nan ya ƙara can ya rage, gwargwadon wurin da mutanen da ke gabansa. Abin da ke cikin wayata rana ɗaya ce kawai cikin ranakunsa. Amma kuma tun 1999 ya rasu, in ba don kaset ba ina irina zai ji shi? Shi ya sa ban yarda da masu cewa a daina saurare ba sam.

Yanzu dai in zan koyi kiɗa sai na nemo ɗauka biyu ko uku in akwai, in ji inda suka saɓa, sannan in cire iyafis in ajiye wayar a ɗaki in fita tsakar gida in buga abina. Kawu kuma ya ce ranar Asabar akwai kamu, in zo da wuri, amma a bayansa zan tsaya.