Wasiƙa daga Ingila: tafiya hutu da tsarin rage ƙiba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Da fatan kowa yana lafiya, gida da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da ya kunno kai, kafin ƙarfe biyar na yamma gari ya yi duhu. A yi min afuwa in taƙaita gaisuwa, maganar da ke bakina tana da yawa.

Tun da muka dawo daga hutu saƙonni ke shigo min, kuma kusan duk tambaya ɗaya ce. "Anti, yaya kika yi da cin abincinki a tafiyar nan?" "Yaya, wata huɗu ina fama na samu na rage kilo biyar, ga tafiya ta taso, in fasa ne?" Wata ƙanwata kuma ta ce ta yi tafiyar mako guda, da ta dawo ta hau sikeli ta ga ƙarin kilo uku, ta zauna a bakin gado tana kuka. Wannan saƙon ya tsaya min a rai. Na amsa wa mutum shida ko bakwai, sai na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Zan taɓo abincin otal, da na jirgi, da motsa jiki, da magungunan rage ƙiba da kuke ta tambayata, da yadda ake yi idan da yara a tafiyar.

Ga waɗanda ba su sani ba, ni ba don kwalliya na shiga wannan harka ba. Shekara biyu da suka wuce likita ya ce min sukarina ya fara hawa, bai zama ciwo ba tukuna amma yana bakin ƙofa. Shi ya ba ni labarin wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, a kan mutane sama da 3,000 masu irin halin da nake ciki. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin 100. Daga ranar na ɗaura ɗamara, cikin shekara ɗaya da 'yan watanni na sauke kilo tara. Kun ga ke nan da fargaba na shiga jirgi.

Kwana goma muka yi a wani otal na bakin teku, irin wanda ake biyan kuɗin ɗaki da abinci a haɗe, a ɗaura maka wani zobe na roba a hannu, duk abin da ka gani naka ne. Safiyar farko da na shiga ɗakin karin kumallo sai da na tsaya cak. Tebura ne jere tun daga ƙofa har bangon ƙarshe. Burodi ya fi kala goma. Ƙwai dafaffe, ƙwai soyayye, ƙwai da ake soya maka a gabanka. Cuku, zuma, kek, soyayyen dankali da sassafe, ga manyan tulunan gilashi cike da ruwan lemo. Farantin da aka ajiye a bakin layi kuwa faɗinsa ya kusa na tire. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tsarin jeren: kayan zaƙi da na fulawa su ne a bakin ƙofa, inda mutum zai fara cin karo da su yana jin yunwa farantinsa babu komai. Tumatir da kokwamba da sauran ganyayyaki suna can ƙurya, sai ka isa wurin ka tarar babu sauran wuri a farantin.

Na zauna ina kallon mutane. Wani bawan Allah a teburin kusa da mu ya yi sawu uku, kuma daga fuskarsa za ka gane ya ƙoshi tun a na farko. Da ya tashi, rabin na ukun yana nan, ma'aikaciya ta zo ta juye a bokiti. Kullum haka, bokiti bayan bokiti. Wallahi abin ya dame ni, ta fuskar almubazzaranci da ta fuskar lafiya duka. Ban ga laifin mutumin shi kaɗai ba, don ni ma ranar sawu biyu na yi, kuma na san abin da zuciyata ke raya min: ai an riga an biya. To amma kuɗin sun riga sun fita, ko na ci ƙwai biyu ko na ci biyar ba za a mayar min da komai ba. Abin da ya rage kawai shi ne nawa zan ɗora wa jikina.

Akwai kuma dalilin da ya wuce kwaɗayi. Wata masaniyar abinci mai suna Barbara Rolls ta nuna tun farkon shekarun 1980 cewa ƙoshi yana bin ɗanɗano ne. Idan ka ƙoshi da abu mai gishiri, sha'awar abu mai zaƙi tana nan daram, shi ya sa mutum zai ce cikinsa ya cika amma a kawo kek ya samu wuri. Yawan kala yana sabunta yunwa. Ita ce kuma da abokan aikinta a jami'ar Penn State ta Amurka suka gwada a 2002 suka ga idan aka ƙara yawan abin da aka zuba wa mutum, yakan ci kusan kashi 30 cikin 100 fiye da yadda ya ci a ƙaramin zubi, ba tare da ya ji ya fi ƙoshi ba. Ɗakin karin kumallon nan ya haɗa duka biyun, kala da yawa da babban faranti.

Daga rana ta biyu na sake salo. Ina shiga sai in zagaye teburan gaba ɗaya hannuna babu komai, in ga abin da ke akwai, in yanke shawara kafin in taɓa faranti. Sannan in ɗauki ƙaramin faranti, wanda aka tanada don kayan zaƙi, in fara daga ƙurya: ganye da tumatir su ci rabi, ƙwai biyu, burodi yanka ɗaya. In nemi kujerar da zan ba teburan baya. Sawu ɗaya ne, in kuma na ji ban ƙoshi ba sai in sha shayi in jira kamar kwata, sau da yawa kafin nan maganar ta wuce. Kuma kowace rana ina zaɓar abu ɗaya da raina yake so da gaske, in ci shi a zaune, a natse, ba tare da jin na yi laifi ba. Wata rana askirim ne da yara, wata rana wani kek mai zuma da ban taɓa ɗanɗana irinsa ba. Ban je hutu don in zauna ina kallon iyalina suna ci ni ina haɗiyar yawu ba. Hadisin nan da muka sani tun muna yara, na raba ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, ban taɓa ganin wurin da ya fi buƙatarsa kamar ɗakin nan ba.

Ku yi hattara da abin sha, nan ne aka fi cin mutum ba tare da ya sani ba. Gwangwanin lemo na mililita 330 yana ɗauke da sukari kusan giram 35. Ruwan lemon zaƙi da ake matsewa, wanda muke ɗauka lafiya ne zalla, kofi ɗaya ya haura giram 20. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2015 ta ce irin wannan sukari kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) da mutum ke ci a rana, wato wajen giram 50 ga babba, in da hali ma a tsaya a giram 25, kimanin ƙaramin cokali shida. Ruwan 'ya'yan itace da zuma duk suna cikin lissafin. A wuri mai zafi, inda ake miƙo maka abin sha kyauta duk inda ka juya, kafin azahar ka ninka wannan adadin. Ni ruwa na riƙe, lemon zaƙin kuma in ɓare shi in sha shi haka nan ba tare da an matse ba.

A nan Ingila tun watan Afrilun 2022 doka ta tilasta wa manyan gidajen abinci, masu ma'aikata 250 zuwa sama, su rubuta adadin kalori kusa da sunan kowane abinci, tare da tunatarwar cewa babba yana buƙatar wajen kalori 2,000 a rana. Da farko abin yana ɓata min rai, mutum ya fita cin abinci sai ya ji kamar yana jarrabawar lissafi. A otal ɗin nan babu lamba ko ɗaya, a nan na gane lambobin sun horar min da ido. Na san kwanon ganye da aka malale da miya mai maiƙo zai iya fin gasasshen kifi da shinkafa nauyi, domin giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko na furotin 4. Ku da ba a rubuta muku lamba, ba ku rasa komai ba in kun riƙe wannan: gasasshe ko dafaffe ya fi soyayye, a kawo miya a gefe ka zuba da hannunka, kuma ba dole ne a ga ƙarshen faranti ba.

Yanzu ke ƙanwata mai kuka, zo mu yi lissafi. Kilo ɗaya na kitse yana daidai da kalori wajen 7,700. Kafin ki tara kilo uku na kitse a mako guda, sai kin ci rarar kalori sama da 23,000, wato fiye da 3,000 a kowace rana a kan abin da jikinki ke ƙonewa. Da wuya ki yi hakan. Yawancin abin da kika gani ruwa ne. Jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka, wajen rabin kilo, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kamar giram uku. Mai rage ƙiba wannan rumbun nasa ba a cike yake ba, da ya ci shinkafa da burodi na kwana biyu sai ya cika, sikeli ya ɗaga. Ga gishiri, abincin waje ya fi na gida gishiri nesa ba kusa ba, alhali abin da ake so kada ya kai giram 5 a rana, shi ma yana riƙe ruwa. Ga zaman jirgi na awanni da ke kumbura ƙafa, ga bayan gida da yakan ɗaure wa matafiyi. Ni da na dawo na ga ƙarin kilo biyu da ɗoriya. Bayan kwana biyar, ba tare da na yi wani abu na daban ba, saura rabin kilo.

Wannan rabin kilon shi ne na gaskiya, kuma shi nake so mu kula da shi. A jami'ar Jojiya ta Amurka an bibiyi mutum 122 da suka tafi hutun mako ɗaya zuwa uku, aka wallafa a 2016. Matsakaicin ƙarin da suka yi bai kai rabin kilo ba, amma da aka sake auna su bayan mako shida yana nan bai sauka ba. Haka yake taruwa, kaɗan bana, kaɗan baɗi. Abin da na fi gani a tsakaninmu kuma shi ne mutum ya ga babbar lamba ranar da ya dawo, gwiwarsa ta yi sanyi, ya ce ai komai ya lalace, ya watsar da tsarin gaba ɗaya. Ko kuma ya hana kansa abinci kwana biyu don ramuwa, rana ta uku ya afka wa duk abin da ya samu. Kada ki hau sikeli sai kin yi kwana huɗu ko biyar a gida. Abincin farko da za ki ci bayan kin ajiye jaka ya zama irin wanda kika saba ci kafin tafiya, a lokacin da kika saba, ba sai Litinin ba.

Maganar jirgi a taƙaice: ki ci abinci a gida kafin ki fita, ki riƙe gorar ruwa babu komai a ciki, tun da yawancin filayen jirgi ba sa barin ruwan da ya wuce mililita 100 ya wuce wurin bincike, sai ki cika ta a ciki. Ki nemi barci ko ta halin ƙaƙa. A jami'ar Chicago a 2004 an rage wa wasu samari barci zuwa awa huɗu na dare biyu, sinadarin da ke tayar da yunwa ya ƙaru a jininsu, mai sanar da ƙoshi ya ragu, kuma kayan zaƙi da sitaci suka fi sha'awa. Na ga hakan a kaina ranar da muka kwana a hanya.

Motsa jiki kuwa, ban leƙa ɗakin atisayen otal ko sau ɗaya ba. Tafiya muka yi ta yi a ƙasa, ni da maigidana, bayan sallar asuba a bakin ruwa, da yamma kuma cikin gari, kuma ina hawa bene da ƙafa. Taku 10,000 da ake ta faɗa daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya samo asali a Japan a shekarun 1960, kada wanda bai kai ba ya ga kamar bai yi komai ba.

Magunguna, wannan magana ce ta likita. Abu biyu kawai zan ce: yawancin shayin rage tumbi gudawa yake sa mutum, ruwa ne ke fita, kuma a tafiya yana da haɗari. Mai allurar insulin ta ciwon sukari kuma ya riƙe ta a jakar hannu tare da takardar likita, don sanyin ɗakin kaya na jirgi yana iya lalata ta. Batun yara sai a wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu, dare ya yi kuma gobe da aiki.

Ke kuma mai kilo biyar, kada ki fasa tafiyarki. Ki ajiye maganar ragewa har ki dawo, ki yi niyyar riƙe inda kike na kwanakin nan. Idan kin kwana biyar a gida ki hau sikeli da safe kafin ki karya, ki rubuto min abin da kika gani.

A gaishe min da kowa da kowa.

'Yar uwarku a Ingila.