SSD tukuna, RAM daga baya: yadda na farfaɗo da laftof ɗina a Katsina

Sana'ata zanen katin gayyata ce, da kalandar biki, da sitika, da fosta idan kakar siyasa ta kama. Ina da ɗan shago a wajen Ƙofar Ƙwaya, kuma duk abin da nake kaiwa gida daga cikin kwamfuta ɗaya yake fitowa: HP EliteBook 840 G3, ta hannu, irin tokumbon da ake kawowa daga Turai da Amurka. Na saye ta da furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki, Core i5 ƙarni na shida, RAM giga 4, da HDD mai giga 500, wato tsohon faifan nan mai juyawa. Lokacin da aikin bai wuce buga takardu ba, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Da kalandar biki ta yawaita, masu hoto suna turo hotunan amare masu nauyi, CorelDRAW a buɗe, Photoshop a buɗe, Chrome ma a buɗe, sai ta fara jan ƙafa. Mai aiki na zaune a kan benci yana jira, ni kuma ina kallon ɗan da'irar nan tana juyawa. Abin da ciwo, domin wanda ya jira ka yau, gobe wani shagon zai nufa.

Shawara kam na sha ta. Wannan ya ce in sayar in sayi mai i7, wancan ya ce bairos ne a yi mata fomat, wani ya ce in cika ta da RAM kawai a wuce wurin. Wanda ya ɗora ni a hanya wani dattijon mai gyara ne da na daɗe da sani a kan titin IBB. Da na zayyana masa, sai ya ce, “Malam, kafin ka kashe ko sisi, tambaye ta mi ke damunta. Ita ma tana magana.” Ya sa na buɗe duk abin da nake buɗewa idan ina aiki, sannan ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya fito, ya shiga shafin Performance. Furosesa tana hutawa abinta, ko rabi ba ta kai ba. RAM ta kusa cika. Faifan kuwa ya maƙale a kashi 100, layin ya miƙe a can sama ya ƙi saukowa. Ya ɗora yatsa a wurin ya ce, “Ka ga mai laifin nan. Da ka sayi i7 mai irin wannan faifan, da haka za ka ci gaba da zaman jira.”

Bayanin da ya yi mini ya zauna a kaina. Duk abin da kake aiki a kansa yanzu, a cikin RAM yake. Idan ta cika, Windows ba ta tsayawa, sai ta riƙa kwashe wani ɓangare tana kaiwa faifan ajiya, ta ɗauko idan an buƙata. To faifan laftof irin nawa yana juyawa sau 5,400 a minti, da wani ɗan hannu a ciki mai kai da komo yana neman inda aka rubuta abu. In ya samu babban fayil a jere zai iya karanta wajen megabait 100 a daƙiƙa, amma ƙananan fayiloli barkatai, waɗanda su ne yawancin aikin Windows, nan yake galabaita. SSD, ma'ajiyar da ke maye gurbin faifan, ba ta da abin da ke motsi. Mai amfani da hanyar SATA tana kaiwa megabait 500 zuwa 550 a daƙiƙa, kuma wajen tsinto ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Kuɗin hannuna ba zai ɗauki SSD da RAM a lokaci guda ba, saboda haka muka tsayar da magana a kan SSD.

Nan kuma zaɓi ya taso, domin SSD ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai faɗin inci 2.5, wadda take shiga daidai inda HDD yake. Akwai M.2, siririya, ana soke ta a jikin bod, wato babban farantin da kayan cikin kwamfuta suke kai, a ɗaure da sukuru ɗaya. Ita M.2 ɗin ma kashi biyu ce: mai tafiya ta SATA da mai tafiya ta NVMe. A ido kusan ɗaya suke, sai ka duba bakin: ta SATA galibi tsaga biyu gare ta, ta NVMe tsaga ɗaya. Wani gurbin SATA kaɗai yake karɓa, wani NVMe kaɗai, wani duka biyun, kuma sanda na iya shiga gurbi daram amma kwamfutar ta ƙi ganin ta. Littafin gyara na kamfanin, wanda ake samu kyauta a intanet idan ka rubuta sunan samfurin, shi ke raba wannan gardama. Lambar 2280 da ake gani a jiki kuwa girma ne kawai: faɗi milimita 22, tsawo 80.

Da muka kwance murfin ƙasa, sai ga gurbin M.2 babu kowa a ciki, gefe guda kuma ga HDD a mazauninsa. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, don yana nufin ba sai na rabu da tsohon faifan ba. Na ɗauki M.2 ta SATA mai giga 256, irin wadda kamfanin da kansa yake sa wa wannan samfurin. Windows da manhajoji da aikin da ke hannu su zauna a kanta, tsofaffin zane-zane su zauna a faifan. NVMe ta ƙarni na uku tana kaiwa wajen megabait 3,500 a daƙiƙa, lamba ce mai daɗin faɗa, amma ga mai buɗe CorelDRAW da Word, babban tsallen daga HDD zuwa SSD yake. Daga SATA zuwa NVMe sai mai kwasar manyan bidiyo yake jin bambancin sosai.

Wurin saye shi ne inda na fi so a saurare ni. Kayan da ke Katsina yawanci daga Kano suke zuwa, wasu daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja, kuma a cikinsu akwai sabo a kwali, akwai wanda aka ciro daga wata kwamfutar, akwai kuma jabu. A wani shago wani matashi ya miƙo mini wata mai tera ɗaya, da sunan da ban taɓa ji ba, a kuɗin da bai kai na giga 256 ta Samsung ba. “Oga, wannan ai ganima ce, ka ɗauka kawai.” Na ce masa in zai bari a gwada ta da H2testw zan biya. Manhaja ce ƙarama da ke cika ma'ajiya da rubutu tun daga farko har ƙarshe sannan ta karanto, domin akwai jabun da aka shirya su faɗi girman da ba su da shi, sai ka zuba kaya sun wuce ainihin cikinsu, fayilolinka su lalace ba ka sani ba. Ya ce ba a buɗe leda sai an biya. Muka yi sallama lafiya.

Wadda na saya ta hannu ce, ta sanannen kamfani, kuma a gabana aka soke ta aka buɗe manhajar CrystalDiskInfo. Shafi ɗaya ne yake nuna lafiyarta da kaso, da awowin da ta yi a kunne, da yawan abin da aka taɓa rubutawa a kanta. Ƙwayoyin SSD suna da iyakar rubutun da za su ɗauka, don haka wannan lissafi shi ne shekarunta na gaskiya, ba ƙyallin takardar jiki ba. Tawa ta nuna lafiya lau. Na kuma nemi a rubuta mini kwanakin garanti a rasit, aka rubuta. Kada wanda ya sayi giga 256 ya ga Windows ta nuna 238 ya ɗauka an cuce shi: kamfani yana ƙirga giga da dubu-dubu, Windows tana ƙirgawa da 1,024. Haka tera ɗaya take fitowa 931.

Dattijon ya tambaye ni, “A kwafe tsohuwar Windows ɗin ko a ɗora sabuwa?” Na zaɓi sabuwa daga filasha, bayan na kwashe duk aikina da haruffan zanen da na tara zuwa wata ma'ajiya ta waje. Ya tabbatar mai 64-bit ce, domin mai 32-bit ba ta iya amfani da abin da ya wuce kusan giga 4, ko nawa ka zuba. Ranar da na koma shago, kafin in gama goge teburi ta riga ta tashi tana jira na.

Na yi aiki da ita haka na ɗan lokaci, kuma da buga takardu kaɗai nake yi da nan zan tsaya. Amma in na jera hotuna goma sha biyu na kalanda, Task Manager yakan nuna RAM a cike taf, kuma akan ji ɗan tsaiko wajen tsallakawa daga wannan manhaja zuwa waccan. Da kuɗi suka samu, sai na koma kan RAM.

Ita RAM, ba a saye da ka. A shafin nan na Performance, ɓangaren Memory yana nuna gudunta da adadin guraben da aka yi amfani da su. Nawa ya ce ɗaya cikin biyu. Amma abin dogaro shi ne takardar da ke manne a jikin sandar. Tawa an rubuta 4GB, sannan PC4-2133P. PC4 na nufin DDR4. Da PC3 ne, DDR3 ke nan mai 1.5V, PC3L kuma DDR3L mai 1.35V. Wannan harafin L ya sa mutane da yawa asara: laftof masu Intel ƙarni na huɗu DDR3L suke buƙata, a soka musu PC3 zalla, sandar ta shiga lafiya, allo ya ƙi kawowa. Tsakanin DDR3 da DDR4 kuwa ko shiga ba ta yi, na farko haƙora 204 gare shi, na biyu 260, kuma tsagar ba wuri ɗaya take ba. Na taɓa ganin yaron shago yana danna sanda da ƙarfi wai ta ƙi zama. Raina ya ɓaci, don gurbin da ya karye a jikin bod gyaransa ya fi kuɗin RAM ɗin.

Zan iya ƙara giga 8 a kan 4 ɗin da ke ciki su zama 12, kuma zai yi aiki. Na gwammace in bayar da tawa a yi musaya, in cika kuɗi in karɓi 8 guda biyu iri ɗaya. Dalili shi ne sanduna biyu masu girma ɗaya suna aiki kafaɗa da kafaɗa ta hanya biyu, kuma wannan kwamfutar ba ta da katin hoto na daban, daga RAM ɗin take ɗiba wajen nuna zane. Waɗanda aka samu 2400 ne, suka sauko suka bi 2133 da furosesar take iyawa. Biyan ƙarin kuɗi don babbar lambar gudu a irin wannan inji zubar da kuɗi ne.

Sawar kanta ba ta da wuya, amma na lura da tsarin dattijon. Ya zare caja, ya cire batir tukuna, ya taɓa ƙarfen teburinsa, ya riƙe sandar ta gefe-gefe bai taɓa haƙoran zinaren ba. Ya soka ta a karkace, ya danna ƙasa a hankali har ƙarafan gefe biyu suka ce ƙas. Yana nan ya leƙa fanka, ya zaro wani dunƙulen ƙura da ya kwanta a bakin mafitar iska kamar auduga. “Wanga aikin hunturu ne,” in ji shi. A garin da zafin Afrilu da Mayu yake kaiwa digiri 40, furosesa in ta yi zafi da kanta take rage gudu, sai mutum ya ɗora laifin a kan RAM. Muka kunna, giga 16 suka bayyana, na bar gwajin RAM na MemTest86 ya zagaya kafin in ɗauke ta.

Ba kowace laftof ce ke ba da wannan dama ba. Wata 'yar maƙwabcinmu da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ta kawo tata, sabuwa fil, siririya, mai kyan gani. “Yaya, don Allah a ƙara mata irin naka, aikin furojet ya sa ni gaba.” Aka duba, RAM giga 4 a like take a jikin bod, ma'ajiyar ma eMMC ce mai giga 64, ita ma a like. Babu gurbi ko ɗaya. Na ji tausayinta, domin kuɗin da mahaifinta ya biya zai sayi ta hannu mai gurabe biyu da za ta kai ta har bautar ƙasa. Abin da muka iya yi shi ne rage manhajojin da ke tashi da kansu, da sa mata katin ajiya don takardunta.

Tsohon faifan yana nan a ciki, amma ban ɗauke shi a matsayin wurin tsira ba. Girgizar babur ko faɗuwa ɗaya tana iya kashe shi, ita kuma SSD in za ta mutu sau da yawa ba ta yin ƙara ko gargaɗi. Duk aikin da na gama ina kwafe shi a ma'ajiyar waje da nake bari a gida.

An ce mini kwamfutar tana ɗaukar RAM har giga 32, na ƙi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga Intel ƙarni na takwas take farawa, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Tawa ƙarni na shida ce, don haka akwai iyakar abin da ya dace a zuba mata. Na fara tara kuɗin wadda za ta gaje ta, ƙarni na takwas ko sama, kuma kafin in biya sai an kwance murfin a gabana na ga guraben RAM biyu da idona. In DDR4 take ci, sandunan nan biyu za su bi ni can.