Ina tsohon jini yake zuwa, kuma me ke kawo ciwon shawara?

Jan ƙwayar jini kwana 120 take yi tana aiki. Idan ta tsufa sai ta ƙage, ta kasa ratsa matsattsun hanyoyin saifa, wasu fararen ƙwayoyi su haɗiye ta. Hanta da ɓargo ma suna taya wannan aiki.

Nan ake fasa himogulobin, wato sinadarin cikin jan ƙwayar da ke ɗaukar iskar oksijin. Furotin ɗin ya koma jiki. Ƙarfen da ke ciki a tura shi ɓargo, wajen miligiram 20 zuwa 25 kullum, alhali abinci 1 zuwa 2 kawai yake ba mu. Sauran ya zama launin kore, sannan rawaya, wato bilirubin. Hanta ke sarrafa shi ta zuba cikin ruwan matsarmama. Shi ke rina bayan gida, kaɗan kuma ya rina fitsari.

Shawara na bayyana idan fashewar jajayen ƙwayoyin ta fi ƙarfin hanta. Ƙwayar mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi. Zazzaɓin cizon sauro ma yana farfasa jan ƙwayar jini. Idan kuwa bayan gida ya yi fari, fitsari ya yi duhu, a zargi toshewar hanyar matsarmama.

Iyayenmu mata na Agege da Idi-Araba a Legas, don Allah a raba kayan jariri da kafur. Jaririn da ya gaji ƙarancin G6PD, wato sinadarin da ke kare jan ƙwayar jini, kafur na fasa masa jini, bilirubin ya taɓa ƙwaƙwalwa, ya bar kurumta. Ruwan gulukos ba ya maganin shawarar jariri. Idon jariri ya yi rawaya, musamman ranar haihuwa, a kai shi asibiti a auna jini, a sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila.