Alhamis: jimloli 26 da yarinyar da ta tsaya a baya

An ɗauke wuta tun bayan magariba, da fitilar waya nake wannan rubutun, takardu 14 baje a kan tabarma. Yau na fara gwada fassarar takardar tambayoyi da na shafe wata biyu ina fama da ita, na kuma dawo gida zuciyata da nauyi.

Ga wanda bai san aikin da nake yi ba, binciken digirina na biyu a kan larurorin cin abinci ne. Akwai wanda zai hana kansa abinci da gangan har ya zama ƙashi da rai, akwai wanda zai ci ya wuce misali sannan ya ɓuya ya sa yatsa a maƙogwaro ya amayar. Likitoci suna kiran na farko anoreksiya, na biyu bulimiya. A jiki ake ganin ciwon, amma saiwarsa tana cikin abin da mutum ya yarda da shi game da jikinsa da darajarsa. Tunani kuwa ba ya hawa sikeli, shi ya sa aka ƙirƙiro takardun tambayoyi. Wadda nake amfani da ita sunanta EAT-26. David Garner da Paul Garfinkel ne suka fitar da asalinta a Toronto ta Kanada a 1979 da jimloli 40, aka taƙaita ta zuwa 26 a 1982. Kowace jimla tana da amsa shida, daga "kullum" zuwa "ban taɓa ba". Wanda makinsa ya kai 20 ba a yanke cewa yana da ciwo ba, alama ce dai a zauna da shi a yi magana.

Ƙarfe goma na isa makarantar da zan yi gwajin. 'Yan mata ne 'yan aji biyar, iyayensu sun sa hannu tun makon jiya. Na ce musu ba jarrabawa ba ce, kowacce ta cike tata, daga baya mu bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya su gaya mini abin da suka fahimta.

Tun a jimla ta biyu muka ci karo da tuntuɓe. Na fassara ta da "Ina ƙin cin abinci alhali ina jin yunwa." Wata ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, yau fa Alhamis, azumi nake. Kuma duk Litinin ma ina yi. In sa 'sau da yawa' ke nan?" Su biyar ne masu azumi a ajin. Ta kusa da ita ta ce, "To in a gidan mutane ne fa? Ai ko yunwa za ta kashe ki sai ki ce kin ƙoshi." Na tsaya riƙe da biro. Abin da takardar ta ɗauka alamar ciwo, a nan ibada ce ko kawaici, tarbiyyar da ni kaina aka ba ni. Yarinyar kirki mai nafila da kunya za ta tara maki ba tare da komai na damunta ba.

Jimlar yanyanka abinci ƙanana-ƙanana kuwa, tambayata suka yi ko tuwo ake nufi. An rubuta ta ne don mai cin abinci da wuƙa da cokali mai yatsu, wanda zai yi ta juya faranti don a zaci yana ci. Ta maganar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, ba wadda ta gane. Wannan ba ya damuna sosai, ana iya gyarawa. Ko takardar SCOFF mai tambayoyi biyar kacal, da aka yi a Landan a 1999, tana tambayar ko mutum ya rage nauyin da ya wuce "dutse" ɗaya cikin wata uku, wani ma'aunin Ingila da ya haura kilo shida kaɗan. Irin wannan sai a mayar da shi kilo a wuce.

Jimla ta farko ce ta tsaya mini a rai: "Ina matuƙar tsoron in yi ƙiba." Kusan dukansu "ban taɓa ba" suka zaɓa. Ɗaya ta ce, "Anti, mu ai rama muke tsoro." Nan bakinsu ya buɗe. Suka shiga labarin sha-ka-fashe, da yadda amarya ke fara haɗiyar ƙwayoyi wata biyu kafin biki don kada dangin miji su ce ba ta cika ido ba, da wadda fuskarta ta kumbura ta yi suntum ana yi mata barka wai ta yi kyau. Na san wasu daga cikin ƙwayoyin nan deksametason ne, wanda ke kawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi in aka daɗe a kansa. Ga yarinya tana cutar da jikinta saboda ta yarda cewa sai ta sauya siffa za a so ta, irin tunanin nan dai da takardar ke farauta. Amma a cikin jimloli 26 babu ko ɗaya da za ta kama ta.

Ba mu ne farkon waɗanda suka gamu da wannan ba. A Hong Kong, likitan ƙwaƙwalwa Sing Lee ya rubuta tun farkon shekarun 1990 cewa da yawa daga cikin marasa lafiyarsa suna hana kansu abinci har su rame, amma ba sa ambaton tsoron ƙiba, kumburin ciki ko rashin sha'awar abinci suke faɗa. A Ghana, wani bincike da aka wallafa a 2004 ya duba ɗalibai mata 668, ya sami 10 da ramarsu ta hana kai abinci ce, kuma dukansu da addini suka bayyana abin. A wani binciken da aka wallafa a 2004 ɗin kuma, Daniel le Grange da abokan aikinsa sun zauna da matasa a Afirka ta Kudu da suka sami maki mai yawa, sai ga shi yawan tunanin abincin da suke yi na talauci ne da yunwa.

Duk da haka raina yana ɓaci in aka ce mini wannan ciwon Turawa ne, ciwon ƙoshi. Wani abokin karatuna ya faɗa mini haka jiya. A tsibirin Fiji ma jiki mai kauri ake yabo. Talabijin ya isa yankin Nadroga a 1995, kuma Anne Becker ta auna 'yan matan makaranta da wannan takarda ta EAT-26 a lokacin, ta sake aunawa a 1998. Masu makin da ya kai haddi sun tashi daga kashi 12.7 cikin ɗari zuwa 29.2. Masu jawo amai don rage nauyi sun tashi daga babu zuwa kashi 11.3. Shekara uku kacal. Su akwatin talabijin ne ya shigo musu, yaranmu kuwa TikTok da Instagram suna cikin tafin hannunsu.

Da aka kaɗa ƙararrawa kowa ya watse, sai yarinya ɗaya ta tsaya tana gyara littattafan da suke a gyare. Tun da muka fara ba ta ce uffan ba. Da ta miƙo mini takardarta hijabinta ya ja baya, na ga tsintsiyar hannunta. Zan iya zagaye ta da babban yatsa da ɗan ali har da saura. Agogonta ya zame ya kusa gwiwar hannu, an huda wa madaurinsa sabon rami da allura.

Na ce, "Ƙanwata, zauna mana." Ta zauna a bakin benci. Mun daɗe shiru, sannan ta ce a hankali, "Anti, ni ba ƙiba nake tsoro ba. In na ci abinci ne sai in ji kamar na saci abin da ba nawa ba." Ta ce a gidan da ake riƙonta ana yawan ce mata ci kawai ta iya. Yanzu in an zuba mata sai ta tura wa ƙanenta ta ce ta ƙoshi, kuma ranar da ta wuni ba ta sa komai a baki ba ita ce ranar da take jin ita ma mutum ce. Al'adarta ta ɗauke wata huɗu ke nan, ba wanda ta gaya wa.

Da na dawo na lissafa makinta. 11. Da a tarin takardu ɗari uku ta zo mini, da na jefa ta cikin masu lafiya na wuce.

Na ɗauko wata takarda da na ajiye gefe tun farkon aikin, wadda Myra Cooper da abokan aikinta suka fitar a Ingila a 1997 mai jimloli 32. Ita aƙidar mutum take tona, yana ba kowace jimla maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon yadda ya yarda da ita. Wani sashe nata bai ma ambaci abinci ba, tambaya yake ko mutum yana ganin kansa marar amfani, wanda ba a so. Na ajiye ta ne don ina ganin ta yi tsawo. Yau na karanta sashen sau biyu, muryar yarinyar nan nake ji a kowane layi. Zan roƙi Malam mai duba aikina ya bar ni in haɗa shi da aikin, in kuma ƙara tambaya kan azumi da kan ƙwayoyin ƙiba, ko da hakan zai ja ni wata guda.

Kafin mu rabu na gaya mata gaskiya, cewa wannan ya fi ƙarfin a bar shi tsakanina da ita, dole likita ya duba ta. Ta yi kuka, ta ce kada a gaya wa matar gidan. Na tambaye ta wa ta yarda da shi, ta ce yayarta da ke aure. Mun yi da malamar jinyar makarantar za ta kira yayar gobe da safe, ni kuma zan koma ƙarfe tara in raka su asibiti. Na rubuta lambar wayar yayar a bayan takardar yarinyar, na sa ta cikin jakata daban da sauran 13.