Rubutun kimiyyar da bai iso Zango ba

A makon jiya ƙanwata da ke aure a Techiman ta zo mana Aboabo da ɗanta a goye, jikinsa zafi rau, tana cewa, "Yaya, an yi masa allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro har sau uku, ga shi ya kwanta. Ashe yaudararmu aka yi?" Tambayar ta daɗe tana damuna, domin an yi rubuce-rubuce da yawa a kan wannan allura, amma babu wanda ya kai mata amsa.

Masu bincike sun rubuta nasu domin 'yan'uwansu masana su tantance. A gwajin wannan allura mai suna RTS,S da aka yi daga 2009 zuwa 2014 a ƙasashen Afirka bakwai, wanda garuruwan Agogo da Kintampo na Ghana suka kasance cikin cibiyoyinsa, an gano cewa allura huɗu na rage kamuwa da kusan kashi 4 cikin 10 a tsawon shekara huɗu. Wannan rubutu amana yake tsarewa, sai dai da Turanci mai nauyi aka yi shi. 'Yan jarida kuwa sabon abu suke bi, shi ya sa a 2023 kowa ya ji cewa Ghana ce ta fara amincewa da wata sabuwar allurar rigakafin cutar mai suna R21. Katin asibiti ranar dawowa kawai yake faɗa.

Rubutun da na fi ganin muna bukata shi ne rubutun da ke zama da mutum ya warware masa dalili. Irinsa ne zai bayyana wa uwa cewa idan sauro ya ciji yaro, ƙwayar cutar tana fara zuwa hanta ta hayayyafa kafin ta bazu cikin jini, kuma allurar a kan wannan hanyar take tare ta. Idan wasu ƙwayoyin suka kuɓuce, zazzaɓi zai zo, saboda haka gidan sauro da gwajin jini suna nan daram. Wanda aka faɗa wa iyakar abu tun farko ba ya jin an cuce shi.

Akwai ɗalibanmu na Zango a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi (KNUST) da ke karanta waɗannan takardu, kuma da Hausa suke hira da iyayensu. Su nake roƙo su ɗauki wannan aiki, ko da saƙon murya ne a WhatsApp. Ni dai na zana wa ƙanwata hanta da sauro a bayan ambulan, ta kuma yi alkawarin kai yaron allura ta huɗu.