Tasha 300 a rediyo, babu ta kiran abokin tafiya

Har yau in na tuna ƙarar nan, "bum", da rediyon ya riƙa yi mini duk sanda na danna maɓallin magana, sai raina ya ɓaci. Ba da kowa ba, da kaina. Duk wanda ya taɓa riƙe oba-oba ta DMR, wani tsarin rediyon dijital, ya san wannan ƙara: rediyon ya nemi rifita, tashar da ke karɓar murya ta sake watsa ta nesa, bai samu ba, don haka ba zai bari ka ce uffan ba. Ni kuwa ga ni a gindin wani kwazazzabo, hazo ya sauko, waya babu sabis ko ɗigo, abokan tafiyata uku suna can bayan dutse. A hannuna ga rediyon da na yi wata biyu ina bincike kafin in saya, batir cike maƙil, tashoshi sama da 300 a cikinsa, amma babu ko ɗaya da za ta kai muryata inda suke.

A gida aka fara yaudarata, kuma ni na yaudari kaina. Ina karɓar lasisin masu sha'awar rediyo na yi rajistar lambar DMR, na haɗa ɗan hosfot, na'urar da ke haɗa rediyo da intanet, a kan 'yar kwamfutar Raspberry Pi, na shiga zauren hira na 91 a BrandMeister, dandalin masu DMR na intanet. Daren farko na yi magana da wani mutum a wata nahiya, murya tangaram kamar yana zaune a falona. Daga nan na ɗauka cewa rediyona mai dogon hannu ne. Ashe ba rediyon ne ya kai ni can ba. Tafiyar da muryata ta yi a iska ba ta wuce daga kujera zuwa kan tebur ba, sauran duk intanet ce ta ɗauke ta. To a daji ina intanet?

Kuskuren da ya ci ni ƙarami ne, shi ya sa ma ya fi ciwo. Fayil ɗin saitin da ake lodawa rediyo daga kwamfuta ba ni na haɗa shi ba, na wani na kwafo don na ga aikin yana da yawa. Cike yake da rifitoci da zaurukan hira, kowace tasha da gurbinta da lambar launinta, wato saitin da rifitar DMR ke buƙata, tsaf. Abu ɗaya ne babu: tashar FM ta rediyo zuwa rediyo kai tsaye. Da safe a gindin dutse dattijon tawagarmu ya ce in an rabu a haɗu a mitar megahaz 145.500, wato inda ake kira a zangon mita 2 a ƙasashen Afirka da Turai (a Amurka 146.520 ne). Na gyaɗa kai kamar na gane. A raina ai tasha 300 ba za a rasa wannan a ciki ba. Da na danna maɓalli sau ɗaya a wurin, muna tsaye kusa da juna, da asirina ya tonu cikin daƙiƙa goma. Ban danna ba, ina ta ɗaure igiyar takalmi.

Da na ga uwar bari sai na ce bari in rubuta lambar da hannu. Nan ma ƙofa a rufe. Rediyon yana iya karɓar lamba daga allonsa, amma sai an buɗe masa wannan dama a manhaja, kuma mai fayil ɗin bai buɗe ba. Kebur da kwamfuta suna gida. Na zauna a kan dutse ina juya maɓalli daga tasha zuwa tasha, ina karanta sunayen garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Kusan awa uku aka yi kafin mu haɗu, kuma usur ne ya haɗa mu, wanda ke maƙale a madaurin jakata tun da na saye ta. Dattijon ya karɓi rediyon, ya jujjuya shi, ya miƙo mini ya ce, "Malam, ai ka sayo doki ne ka baro linzami a kasuwa." Na ce, "Haka ne, Baba." Me zan ce?

Abin da ban fahimta ba sai bayan na dawo shi ne cewa DMR ba don masu sha'awar rediyo aka yi shi ba tun asali. Hukumar ETSI ta Turai ce ta fitar da tsarin a 2005 domin kamfanoni da ma'aikatu, inda injiniya ɗaya zai saita rediyo ya miƙa wa mai gadi, kuma ba a son mai gadi ya taɓa komai. Wannan hali yana nan a jinin na'urorin. Shi ya sa komai sai ta kwamfuta. D-STAR kuwa, wani tsarin dijital ɗin, daga ƙungiyar masu rediyo ta Japan ya fito, Icom ne ya fi ƙera shi, kuma da lambar kiranka yake aiki. Tsari na uku, System Fusion, na kamfanin Yaesu ne, ya fito a 2013, yana da wani abu da na yi ta cizon yatsa a kansa: rediyon yana gane ko FM ne ya shigo ko dijital, ya sauya da kansa.

Kuma ukun nan ba sa jin maganar juna a iska. A tawagarmu ta mutum huɗu, biyu na Fusion suke riƙe da shi, ɗaya D-STAR, ni DMR. Ko da hosfot ko wata gada ta intanet za ta iya haɗa wasu daga ciki, a kan dutse harshe ɗaya tak muke da shi gaba ɗaya, tsohuwar FM ɗin nan da na raina. Da na tambayi abokan tafiyata wane iri suke da shi kafin in saya, da wata biyun da na ɓata ina kallon bidiyon masu gwaji ya zama hira ta minti biyar.

Ban yar da rediyon ba, kuma ba na cewa DMR banza ne. Yana raba layi ɗaya mai faɗin kilohaz 12.5 gida biyu, kowa na aikawa a nasa gurbin, don haka rabin lokaci kawai yake watsawa, batir kuma ya fi daɗewa. Na ga wannan da idona. Sai dai daga baya mun yi gwaji da wani mai DMR, kai tsaye ba rifita, yana tafiya yana nisa muna sauyawa tsakanin hanyoyin biyu. Muryar dijital ta tsaya garau har inda FM ta fara shuuu. Can sai ta koma kamar mai magana da ruwa a baki, sai ɗif. FM kuwa tana ta shuuu ɗinta, amma ina tsintar kalma ɗaya a cikin uku, kuma hayaniyar kanta tana gaya mini in matsa hagu, in hau wancan dutsen, in ɗaga hannu. Wanda ya ɓata a daji wannan hayaniyar yake nema.

Maganar ƙarfin wuta kuwa kada ta ɗauke wa kowa hankali. Daga wat 5 zuwa wat 8 bambancin desibel 2 ne kacal, kunne da ƙyar zai ji, batir ne zai ji a jikinsa. Tsayi da eriya su ne magana. 'Yar guntuwar eriyar roba da ke zuwa a kwali ta gaza sosai a mita 2, inda rubu'in zango, tsawon da ya dace da eriya, ya kai kusan santimita 50. Da na sa doguwa sai rifitar da ba ta taɓa amsa mini ba ta amsa. Sai dai a duba bakin SMA, inda ake ɗaura eriyar, akwai namiji akwai mace, ni ta farko da na saya ba ta shiga ba. A duba lambar ruwa ma: IP67 na nufin zai jure nutsewa mita 1 na minti 30, IPX4 kuwa feshi kawai. GPS da APRS, mai aika inda kake ta rediyo, suna da daɗi, amma suna shan batir, sanyi kuma yana ƙara cinye shi, don haka batir na biyu a aljihun ciki yake kwana.

Fayil ɗin saitin na goge shi kaf, na sake haɗa nawa da hannuna, kwana uku ina fama. Tasha 22 ce yanzu. Ta farko 145.500 FM, ta biyu ta kiran FM a zangon santimita 70, ta uku DMR kai tsaye a zaure na 99, gurbi na 1, lambar launi 1. Na buɗe allon lambobi, na kuma rubuta su a takarda na liƙa a bayan batir da salatif. Mun sake fita sau huɗu tun daga ranar, kuma duk sau huɗun, kafin kowa ya saɓa jaka, dattijon sai ya ja da baya taku goma, ya ɗaga rediyonsa ya kira lambata a gaban kowa, yana murmushi, ya jira in amsa.